Ba kowane hazon ido tabarau ke yayewa ba

Har na kai shekara 14 a duniya ban san cewa mutum yana iya tsayawa daga nesa ya ga ganyen bishiya ɗai-ɗai ba. A wurina bishiya wani dunƙulallen abu ne kore, fuskar mutum kuma ba ta fitowa sai ya matso dab da ni, saboda haka na saba gane mutane da muryarsu da yanayin tafiyarsu. Ban taɓa yin ƙorafi ba, domin yaron da ya tashi da raunin gani ba shi da abin da zai auna ganinsa da shi, yana ɗauka haka kowa yake gani. Yau shekarata 52, an yi mini aiki a idanuna duka biyu, kuma akwai wani ɓangare na ganina da ya tafi ba zai dawo ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kuskuren da ya fi cutar da ni mutane da yawa suna cikinsa: na ɗauka duk wani gani dishi-dishi abu ɗaya ne, maganinsa ma ɗaya.

Da yake na fi tsarana tsawo, a bencin baya ake zaunar da ni tun daga firamare. Rubutun allo yana zuwa mini ne kamar farin toka da aka watsa a baƙin bango. Nakan ƙanƙance ido har goshina ya yi ciwo, in hakan bai yi ba sai in leƙa littafin na kusa da ni in kwafa, tare da duk kurakuransa. Lissafi ya fi ba ni wahala, domin 3 da 8 kamanninsu ɗaya a idona, haka ma 1 da 7. Malamai suka yi ta rubuta cewa ba na mai da hankali, aka maimaita mini aji sau ɗaya, ni kuma na yarda a raina cewa ni daƙiƙi ne. Wannan yardar ta fi hazon kansa nauyi. Mahaifiyata takan gan ni na kifa fuska a kan littafi ta ce, "Ɗaga kanka mana, za ka lalata idonka." Ba ta san cewa idon ne ya tilasta mini kifa kan ba.

Wani malamin kimiyya a sakandare ne ya fara lura da cewa idan ya yi tambaya da baki ina amsawa daidai, amma idan ya rubuta ta a allo sai in faɗi. Wata rana bayan an tashi ya tsayar da ni, ya yagi 'yar takarda, ya huda ta da tsinin allura, ya ce in koma bencin baya in leƙa allo ta wannan ƙaramar kafa. Na leƙa, sai ga haruffa sun tsaya cak, kowanne da gefensa. Jikina ya ɗauki rawa. Ya ce, "Kanka lafiya lau yake, yaro. Ka gaya wa mahaifinka ya kai ka a auna idonka." Daga baya na fahimci hikimar abin: ƙaramar kafa tana barin siririn haske kaɗai ya shiga ta tsakiyar ido, don haka duk wanda ganinsa ya gyaru ta cikinta, galibi matsalarsa ta tattara haske ce, wadda tabarau ke gyarawa. Har yau ma'aikatan ido suna yin wannan gwaji.

A asibiti aka zaunar da ni mita 6 daga allon nan mai babban harafi a sama da ƙanana a ƙasa, wanda wani likitan ido ɗan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ya ƙirƙira a 1862. Babban harafin ma da ƙyar na gane shi. Aka ɗora mini wani firam mai nauyi, ana sa gilashi ana cirewa, ana tambayata wanne ya fi. Likita ya yi wa mahaifina bayani cewa ido kamar kyamara yake: haske yana ratsa tantanin gaban ido da wani ɗan madubi da ke ciki, su biyun su tattara shi a kan shimfiɗar bayan ido da ake kira retina. Ƙwayar idona ta fi ƙima tsawo daga gaba zuwa baya, saboda haka hoton abin da ke nesa yana haɗuwa tun kafin ya isa retina, ya isa gare ta a warwatse. Gilashi mai kwarmi a tsaka, wanda lambarsa ke ɗauke da alamar ragi, shi ke mayar da hoton inda ya dace. Idon dama ya tsaya a -3.50, kuma da shi na karanta har layin ƙasa.

Idon hagu ne ya ƙi. Lambarsa ta kai -7.00, ga shi tantanin gabansa bai yi zagaye sosai ba, ya fi kama da gefen ƙwai, abin da ke sa layuka su miƙe ta wani gefe su ɓace ta wani. An haɗa masa gilashin da ya dace da duka biyun, amma bai wuce layi na uku ba. Likita ya ajiye kayansa ya dubi mahaifina ya ce, "Malam, da an kawo shi yana ɗan shekara biyar ko shida, da mun ceto wannan idon." Ya ce ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne a shekarun farko, kuma idan ido ɗaya yana aiko mata da hoto mai hazo sai ta yi watsi da shi ta dogara da ɗayan. Idan an gano da wuri, ana ba yaro tabarau a riƙa rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum don a tilasta wa raunanan aiki, amma bayan kimanin shekara bakwai zuwa takwas amfanin hakan yana raguwa ƙwarai. Mahaifina bai ce uffan ba. A hanyar komawa ya riƙe hannuna kamar ƙaramin yaro, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ranar da na karɓi tabarau ƙasa ta yi mini kamar ta karkace, na riƙa ɗaga ƙafa sama-sama. Na ga ganyaye, na ga ƙananan layukan da ke gefen idon mahaifiyata, da dare kuma na ga taurari a matsayin ɗigo-ɗigo maimakon wani fari-fari a sama. Mutane suka yi ta gaya mini cewa tabarau yana ƙara kashe ido, musamman da suka ga ana ƙara mini lamba kusan duk shekara biyu. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Ƙwayar ido tana ci gaba da tsawo muddin jiki yana girma, sai wajen shekara ashirin da 'yan kai take tsayawa, ko mutum ya sa tabarau ko bai sa ba. Karatuna ya miƙe, kuma lissafin da ya taɓa kayar da ni shi na ƙare ina koyarwa.

A nan ne kuma na koyi darasin da ya kusa makantar da ni. Shekara kusan talatin, duk lokacin da gani ya dusashe sai in je a sauya gilashi, in fito ina gani garau. Ko da na kai 43 na fara tura tabarau goshi in ina son karanta ƙananan rubutu, abokan aikina da ba su taɓa sa tabarau ba kuma suna miƙa takarda iya tsawon hannu, maganin bai canja ba. Wannan tsufan ido ne da ke samun kowa bayan shekara arba'in, domin madubin cikin ido yana taurara ya kasa lanƙwasawa don ganin abin kusa. Aka yi mini gilashi mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu. Na ƙara sakankancewa cewa na san ciwona na san maganinsa.

Ina da shekara 46 idanuna suka fara ƙaiƙayi da ja. Wani ya faɗa mini sunan wani maganin ɗigawa, na saya ba tare da takardar likita ba. Kamar yankan wuƙa, kwana ɗaya ƙaiƙayin ya ɗauke. Da na daina sai ya dawo, sai na ci gaba, har kwalbar ta zama abokiyar aljihuna kusan shekara biyu. A cikin wannan tsakanin ganina ya fara wani irin sauyi da ban saba da shi ba: yau garau, gobe hazo, wani lokaci safe daban yamma daban. Ƙishirwa ta dame ni, ina tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, tufafina suka yi mini yawa, amma ban taɓa haɗa waɗannan da ido ba. Sau biyu na sauya tabarau a shekara ɗaya. Wanda ya auna ni a karo na biyu ya ce lambata tana yawo, ya kamata in ga likitan ido a duba cikin idon. Na ce to, na yi biris, domin aiki ya yi yawa, kuma a can ƙasan zuciyata ina tsoron abin da za a faɗa mini.

Sai haske ya zama abokin gabata. Da dare fitilun motoci suna fashewa a idona su rufe hanya, da rana tsaka kuma ganina ya fi muni fiye da cikin inuwa. Na fara bugun gefen ƙofa da kafaɗa. Na ɓoye wa matata duk wannan, in ta tambaya in ce gajiya ce. Wata yamma ina tuƙi sai ga mai keke a gaban motata, ban ga ta inda ya fito ba, alhali ya daɗe yana tafe ta gefena. Allah ya kiyaye na taka birki. Bayan kwana biyu wata ɗaliba ta kawo mini takardar jarrabawarta, ta nuna da yatsa cikin ladabi ta ce, "Malam, wannan 8 ce na rubuta, ba 3 ba." Na kai takardar dab da fuskata, na ga gaskiyarta. Na zalunci yarinya da irin abin da aka zalunce ni da shi ina yaro. A daren na gaya wa matata komai, washegari muka tafi asibiti tare.

Likitar ta ɗiga mini maganin kashe zafi, ta taɓa idon da wata 'yar na'ura mai shuɗin haske, sai na ga ta sake aunawa. Ta ce matsin ruwan cikin ido a yawancin mutane yana tsakanin 10 da 21, nawa kuwa 34 ne a dama, 31 a hagu. Ta ce, "Malam, akwai maganin da kake ɗigawa?" Na zaro kwalbar na miƙa mata. Ta karanta, ta yi shiru, sannan ta ce akwai sinadarin sitiroyid a ciki. Magani ne mai amfani idan likita ya ba da shi na ɗan lokaci yana sa ido, amma idan aka daɗe a kansa yana iya ɗaga matsin ido ya kuma haifar da yanar ido, kuma masu doguwar ƙwayar ido irina da masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa. Ta sa aka auna jinina nan take, suga ya yi sama ƙwarai. Ta buɗe ƙwayar idon da wani maganin, ta haska ciki ta daɗe tana dubawa.

Abubuwa uku ta samu a rana ɗaya, kuma yadda ta rarrabe mini su ba zan manta ba. Hazon da ke zuwa yana tafiya, ta ce, aikin suga ne: idan ya yi yawa a jini yana sa madubin ido ya kumbura, lambar gilashi ta sauya, shi ya sa ba a yanka wa mutum sabon tabarau sai sugansa ya zauna na wasu makonni. Wannan zai wuce. Hasken da ke fashe mini kuwa yana ce ta fito a bayan madubin, daidai inda haske ke wucewa, kuma babu maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da yana, aiki ake yi a cire ta. Wannan ma zai gyaru. Na ukun shi ne gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba. Matsin yana cin jijiyar da ke kai hoto ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba zafi, yana farawa daga gefe-gefen gani ya bar tsakiya sai ƙarshe, don haka mutum yana iya karanta layin ƙasa na allo alhali ganinsa na tsukewa. Abin da ta riga ta ci ba ya dawowa.

Aka sa ni na ɗora haɓa a bakin wata farar na'ura mai kama da ƙwarya, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske ya ƙifta. Akwai lokutan da na daɗe ban danna ba, ina jin na'urar tana aiki, na san haske yana ƙiftawa a wani wuri da ba na gani. Da takardar ta fito, wani yanki mai siffar baka a taswirar idona na dama ya yi baƙi ƙirin. Idon da na dogara da shi tun ina yaro ke nan. A nan na gane inda mai keken ya ɓuya.

Makonnin da suka biyo baya sun fi kowane lokaci tsanani a rayuwata. Nakan farka tsakar dare in rufe ido ɗaya in gwada ɗayan a kan hasken taga. Cizon yatsa ya hana ni barci, domin idon hagu an rasa shi ne cikin rashin sani, amma na dama da hannuna na riƙa ɗiga masa abin da ke cutar da shi, bayan an gargaɗe ni in ga likita na ƙi. Matata ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage shi za mu riƙe." Ita ta rubuta lokutan magani ta manna a bango, ita ta koyi yadda ake danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa don kada maganin ya zurare, da barin aƙalla minti biyar tsakanin magani da magani. Aka janye ni daga sitiroyid ɗin ƙarƙashin kulawar likita, matsin ya sauka amma bai koma daidai da kansa ba, saboda haka maganin rage matsi ya zama nawa na har abada. Na ajiye tuƙi. Sugan ma na kama shi da gaske, musamman da aka nuna mini hoton retinata da wasu 'yan ɗigon jini a kanta, alamar cewa ya fara taɓa ƙananan jijiyoyin jini. Bai kai matakin da ake ƙona wurin da hasken leza ko a yi allura a cikin ido ba, amma an ce sai an riƙa duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Shawarar aikin yana ta ɗauke ni watanni. Mai ido ɗaya lafiyayye ba ya miƙa shi ga wuƙa cikin sauƙi. Na yi ta karatu da gilashin ƙara girman rubutu don in san abin da za a yi mini, a nan na ci karo da labarin Harold Ridley, likitan Ingila da ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi da ya shiga idon matuƙa a yaƙin duniya na biyu yana zama lafiya ba tare da ido ya ƙi shi ba, abin da ya kai shi ga dasa madubin roba na farko a idon mutum a Landan a 1949. Sanin cewa fiye da shekara saba'in ana wannan aiki ya kwantar mini da hankali. Likitar ba ta ɓoye mini haɗarin ba, ta ambaci shigar ƙwayar cuta da ɓallewar retina, ta ce ba su da yawa amma suna faruwa. Muka yarda a fara da idon hagu.

Ina farke aka yi mini aikin, an dai kashe zafin wurin. Abin da nake gani haske ne mai ƙarfi da launuka suna yawo, ina jin sanyin ruwa a kuncina da ƙarar wata na'ura siririya da ke farfasa gurɓataccen madubin tana zuƙe shi ta wata 'yar ƙaramar kafa, sannan aka zura na roba a gurbinsa. Bai fi minti ashirin ba. Washegari da aka cire bandeji sai na ga rigar ma'aikaciyar jinya fara fat, na rufe wannan idon na duba da ɗayan na ga ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ashe shekaru ina ganin duniya cikin wannan launi ban sani ba. Idon hagu ya yi haske amma bai yi kaifi ba, kamar yadda aka faɗa mini tun farko, domin rauninsa a ƙwaƙwalwa yake. Bayan mako shida aka yi na dama. Da yake an auna ƙarfin sabon madubin daidai da tsawon idona, na wayi gari ina ganin nesa ba tabarau, karon farko a rayuwata, sai dai na karatu, saboda madubin roba ba ya lanƙwasawa.

Bayan shekara biyu hazo ya sake dawowa idon dama. Wannan karon ban kai mako ba na je. Jakar da ke riƙe da madubin ce ta dusashe, abin da ke faruwa ga mutane da yawa bayan aikin, aka huda ta da leza cikin 'yan mintuna ina zaune. An kuma ja mini kunne cewa ƙwayar idona tana nan da tsawonta duk da na rabu da gilashi mai kauri, don haka in na ga walƙiya a cikin ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa sun taso lokaci ɗaya, ko wani abu kamar labule ya rufo daga gefe, to ranar zan je asibiti, ba gobe ba. Na kira 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su je a auna matsin idonsu, domin gilakoma tana bin dangi, kuma ta fi yawa da saurin bayyana a tsakanin baƙar fata. An samu ɗaya daga cikin ƙannena da matsi mai yawa tun jijiyarsa ba ta taɓu ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga cikinsu da an iya hana nasu ko kuma har yanzu ba a kula da shi ba, yawanci rashin tabarau ne da yana. Idan na karanta wannan adadi yaron bencin baya nake gani. Shi ya sa a makon farko na kowace shekarar karatu nake rubuta lambobi a allo, in sa kowane ɗalibi ya tsaya a bayan aji ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, sannan ya sauya. Kusan duk shekara sai na rubuta wa wasu iyaye takarda.

Ƙaramar 'yata na kai ta awo tana da shekara biyar, ba tare da ta yi ƙorafin komai ba. Nata akasin nawa ne, ƙwayar idonta ta dama ta gaza tsawo, gilashi mai tudu a tsaka take buƙata, kuma ƙwaƙwalwarta ta riga ta fara juya wa wannan idon baya. Yanzu kullum da yamma muna manna mata abin rufe ido a hagu na sa'a biyu, ta zauna tana zane. Da farko kuka take yi tana ɓallewa, sai na riƙa ajiye maganina na yamma zuwa lokacin, in ɗiga nawa ita kuma a manna nata. A awon watan jiya ta ƙara layi biyu a allon. Da muka fito ta ja hannuna ta ce, "Baba, kai ma ka rufe ɗaya mu ga wanda zai riga karanta wancan." Na rufe na hagu, muka tsaya a bakin ƙofar asibitin muna karantawa.